Ƙugun Guguwa

Maharazu ya ɗaga baƙin faifan ya kara shi da rana kamar yadda aka nuna masa, ya ƙanƙance ido. Shi dai bai ga komai ba sai fari-farin zane a cikin baƙi.

"Wannan ƙashin karenka ne," in ji Malam Jaji tafinta, yana nunawa da tsinke. "Kan cinya ya kamata ya zauna cikin ramin ƙugu kamar taɓarya a turmi. Na karenka a bakin turmin yake tsaye. Na Uwaisu kuwa ga shi, ya zauna daram."

Baturen da ya kawo faifan likitan dabbobi ne da ke zuwa Dutse yi wa shanu allura, kuma ya ƙwallafa rai ga farauta. Watan jiya ya ɗauki 'yan karnuka biyu a motarsa zuwa Kano, inda wani abokinsa ke da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashi ta cikin nama. Ya ce wanda ƙugunsa ya fi lafiya shi zai riƙe, mai shi kuma shi zai riƙa yi masa jagoran daji duk zuwan da ya yi. Ba aikin ne ya dami Maharazu ba, sunansa ne. Shekara talatin duk wanda zai zaɓi ɗan kwikwiyo daga Limawa har Miga, shi ake kira ya ɗaga shi ta ƙeya, ya duba faɗin ƙirji da tafin ƙafa, ya ce wannan zai yi. Kuma karnukan nan biyu karyarsa ce ta haife su. Ya zaɓar wa kansa ƙaton ya sa masa Guguwa, ya miƙa wa Uwaisu, ƙanen matarsa, ƙanƙanin, ya raɗa masa Ragowa don mutane su yi dariya. Sun kuwa yi.

Yanzu ga Uwaisu can, manomin da bai san sawun zomo da na akuya ba, Bature na dafa masa kafaɗa. Maharazu ya bi su da harara. Kishi ne, ba shi da wani suna.

"Yaya, ai duk naka ne," in ji Uwaisu a ladabce. "Kai ka ba ni shi."

Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi.

"Malam Jaji, gaya masa an musanya faifan a Kano," Maharazu ya ce. "Ba a farauta da hoto. A sake su bayan zomo, kowa ya gani da idonsa."

Bature ya yi dariya ya amince. Aka ɗunguma bayan bariki, wajen duwatsun nan da ke kusa da dabinai, masu tallar fura ma suka biyo baya. Ba a daɗe ana kaɗa ciyawa ba zomo ya tashi. Ragowa ya bi shi da gudu mai kyau, amma Guguwa ya wuce shi kamar an harba kibiya, yana haɗa ƙafafun baya wuri ɗaya yana zabura. Kafin zomo ya kai ramin dutse ya danne shi. Wuri ya kaure da sowa. Wani tsoho ya fara yi wa Maharazu kirari, shi kuwa ya juya ya nemi fuskar Uwaisu. Abin haushi, shi ma tafi yake yi.

Maharazu ya durƙusa ya karɓi zomon, ya shafa bayan karensa. Guguwa na haki, ya zauna a karkace, ya watsa ƙafa ɗaya gefe. Maharazu ya kai tafin hannu kan ƙugun ya ɗan motsa cinyar, sai ya ji ƙashin ya zame ya koma, ƙis. Ya sake, ya sake jin haka. Karen bai yi kuka ba, ya dai lashi hannunsa. Maharazu ya taɓa ganin kare biyu masu irin wannan zama, kuma duk kafin su shekara biyu da jan gindi suke zuwa shan ruwa. Ya waiga. Babu wanda ya lura.

Bature ya ƙaraso yana sosa ƙeya, ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce watakila na'ura ta yi kuskure," in ji Malam Jaji. "Ya ce kai ne masani. Wanda ka nuna shi zai ɗauka."

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da mayar da Uwaisu gonar geronsa, kuma Allah Ya sani yana son faɗinta.

"Tambaye shi, in kare ya gurgunce a hannunsu, me suke yi da shi?"

Malam Jaji ya tambaya. "Ya ce ba sa barin dabba ta wahala. Harsashi ɗaya ne."

Maharazu ya sake shafa ƙugun karen. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Guguwa ba na bayarwa ba ne. Ya ɗauki Ragowa, ya ishe shi."

Mutane suka hau gyaɗa kai, ana cewa mafarauci ya nuna wa Bature iyakarsa. Uwaisu ya zo ya rusuna zai yi godiya, Maharazu ya kau da kai, don har yanzu ba ya son ganin murnarsa. Ya sunkuya ya saɓi Guguwa a kafaɗa ya kama hanyar Limawa.

"Sauke shi mana ya taka, Baba Maharazu," wata mai fura ta ce. "Ai ba jariri ba ne."

"Karen da ya ci tsere ba ya komawa gida a ƙasa," ya ce, ya gyara riƙon da ya yi wa ƙafar don kada ta yi lilo.