Matar da Ke Karanta wa Tukunya

Karas ne ya tona asiri. Duk layinsu a unguwar Bosso babu mai yanka karas ƙanana-ƙanana, kowane da kusurwa huɗu, sai Martha. Ga su nan kuwa jajur a cikin kwatar bayan gida, ruwan wanke-wanke yana bi ta kansu. Ta tsaya da bokiti a hannu, ta manta abin da ta zo zubarwa. Dafa-dukanta ce, wadda ta tashi tun asuba ta girka don Kirsimeti, ta zuba a kwanoni ta aika wa maƙwabta kamar kowace shekara. Ko naman ba a tsince ba. A wannan shekara ta 1986, da tsada ta sa mutane ke tauna ƙashi har ya zama gari, wanda ya zubar da nama ba ƙoshi ne ya sa shi ba.

Ta ɗaga kai ta dubi katangu. Kwatar ta gidaje da yawa ce, kowa na iya zama. Sai ta tuna saƙon Irimiya, wan marigayi mijinta Shekwolo: bayan sabuwar shekara zai zo a yi maganar yarinya. Yarinyar ita ce Felicia, 'yarta tilo, mai shekara tara. Martha ta ɗauka maganar kuɗin makaranta ce. Yanzu ta fara tunanin wata magana ce daban.

Da la'asar kwanoni suka fara dawowa. Al'adar layin ce ba a mayar da kwano haka nan. Ko goro, ko lemo, ko guntun sabulu sai an saka. Yau kowanne ya dawo fayau, an dirje shi da toka har furen jikinsa ya kusa gogewa. Maman Ndako ce kaɗai ta kawo nata da kanta. Banufiya ce mai kuli-kuli, ita ta riƙe Martha ranar da aka shigo da gawar Shekwolo.

"Maman Feli, barka da Kirsimeti! Kai, wannan shinkafa. Yara har kwano suka lashe."

Martha ta karɓi kwanon, ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. "Hantar fa? Ina tsoron ta yi tauri."

"Ina! Ta yi laushi tuɓus. Ni kaɗai na cinye ta, ban ba kowa ba."

Martha ba ta sa hanta ba. Tun da ciwon hanta ya kashe mata miji, ko teburin mahauci ta je sai ta kau da kai daga gare ta. Ta raka ƙawarta har bakin ƙofa, ta ce a gaida yara, ta dawo ta zauna a kan turmi.

* * *

Martha tana da wani littafin girki da ta samu kyauta. A 1976, tana amarya, ta shiga cibiyar koya wa mata aikin gida, ta zo ta ɗaya a girki, aka ba ta shi a gaban jama'a. Kore ne, mai kauri, da Turanci, cike da hotuna. Shi ne littafi na farko da ta taɓa mallaka ban da na waƙoƙin coci. Karatunta bai yi nisa ba a garinsu Zonkwa kafin a cire ta daga makaranta, saboda haka ba ta iya karatu a zuci. Sai ta kifa turmi kusa da murhu, ta buɗe littafin a kai, ta danne shafi da dutse, yatsa a kan layi, leɓe yana motsi. Kayan ƙamshi irin kori da tayim da farar hodar da ke sa kek ya tashi, ta zuba su a kwalaben magani da ta wanke tas, don tururuwa da raɓa. In za ta ɗiba sai ta cika cokali, ta shafe kansa da bayan wuƙa, yadda littafin ya ce.

Matan layi suka mai da ta abin tsokana. "Ga mai karanta wa tukunya nan! Yau me tukunyar ta ce?" Ana dariya, ita ma tana yi. Amma in suna ya taso ko biki, su ne a ƙofarta da fulawa da ƙwai, a yi musu kek a tukunyar da aka shimfiɗa wa yashi. Shekwolo kuwa duk abokan aikinsa na reluwe sun gaji da jin labarin matarsa. In ya ci abu ya yi masa daɗi, sai ya lashe yatsa ya ce, "Rubuta sunana a wannan shafin, kada ki ɓatar min da shi." Ta ɗauki fensir ta rubuta.

Sai cikinsa ya fara kumbura, idanunsa suka koma rawaya. Likita ya ce hanta ce, ya hana shi gishiri da mai da giya. Kowa a Bosso ya san bencin da Shekwolo ke zama a gidan burukutu, har inda ƙafarsa ta yi rami a ƙasa. Amma burukutu 'yar gida ce, ba daga Zonkwa aka auro ta ba, don haka babu wanda ya ga laifinta.

Martha ta buɗe ƙarshen littafin, inda aka yi bayanin abincin marasa lafiya. Ta sayi 'yar ƙaramar tukunya, tana dafa masa nasa daban. Wata rana Felicia ta kai hannu cikin kwanon uban, Martha ta buge hannun, don kifin ɗan kaɗan ne kuma na majinyaci ne. Rifkatu, yayar Shekwolo, tana zaune a wurin, ta zo jinya daga ƙauye. Ta dubi tukunyar ta dubi littafin.

* * *

Bayan sabuwar shekara suka zo, da hantsi, Irimiya da Rifkatu, da wani dattijon coci mai suna Gaiya wanda suka ɗauko don ya zama shaida. Martha ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Ruwan ya zauna a gabansu har ƙuda ya faɗa ciki.

"Matarmu," in ji Irimiya, yana duban ƙasa, "mu ba mu ce kin yi komai ba. Mutane ne suna magana. Mutum lafiyayye, ciki ya kumbura haka kawai. A wurinmu sammu ke yin wannan."

"Yaya, likita ya ce..."

"Likita bai ci abinci a gidan nan ba," Rifkatu ta katse ta. "Kawo littafin. Da kwalaben da ke bayan tulu."

Bayan tulu. Martha ta ji maganar har cikin ƙashinta. Rifkatu ba ta taɓa leƙa bayan tulun ba, don sai bayan rasuwar ta mayar da kwalaben can. Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin girkinta ba sallama, ta zauna tana ɓare gyaɗa suna hira: Maman Ndako.

Ta kawo. Rifkatu ta riƙe littafin da bakin zane, ta buɗe. Shafin ya faɗa kan hoton saniya da aka rarraba jikinta da layi-layi, kowane yanki da lamba.

"Kun gani? Haka aka yanka ƙanena tun yana tsaye. Ga ciki nan an zagaye."

"Yaya Rifkatu, sunayen nama ne. Don mutum ya san wanda zai saya."

Rifkatu ba ta iya karatu ba, amma akwai kalma ɗaya da ta sani, don ta gan ta a jikin gicciyen kabari. Ta juya shafi, ta juya wani, yatsarta ta tsaya. Ta juya kuma, ga ta nan dai. Muryarta ta fashe da kuka na gaske, ba na munafunci ba, don ita ta goyi Shekwolo yana jariri. "Sunan ƙanena! Ko'ina sunansa! Me sunan mutum yake yi a cikin littafin tukunya?"

"Shi ya ce in rubuta. Abincin da yake so ne."

"Shi ya ce. To, tashe shi ya faɗa mana."

Martha ta dubi Baba Gaiya. Shi ya iya Turanci, shi ke karanta wa mutane wasiƙa. Da ya karɓi littafin ya karanta layi biyu, da magana ta ƙare. Amma ya sa hannuwansa tsakanin gwiwoyi, ya ce al'amarin iyali abu ne mai nauyi, sai a bi a hankali. Matarsa ta fi kowa kawo fulawa gidan nan, kuma yanzu ba ya so a tuna.

Takaici ya sa Martha ta fizge kwalbar farar hoda, ta zazzaga a tafin hannu, ta lashe a gabansu har tana tari.

Rifkatu ta share hawaye. "Ke ai ba zai kama ki ba. Ba da sunanki aka haɗa ba."

Irimiya ya miƙe. Ya ce Felicia jininsu ce, ita kaɗai ɗan'uwansu ya bari, za ta bi su ƙauye ta sha iska har hankali ya kwanta. Martha ta kama ƙafarsa tana roƙo, ya zare a hankali, ba da faɗa ba. Yarinyar ta tafi da kayanta a leda, tana waiwaye, tana tambaya ko Mama za ta biyo su gobe.

* * *

Watannin da suka biyo baya, Martha ta koyi zargin kowa yadda kowa ke zarginta. In mata biyu suka yi shiru da ta iso famfo, ta san da ita ake. In suka ci gaba da hira, ta ce wayo ne. A zumuntar mata ta coci aka ɗauke ta daga girki aka ba ta sharar benci, aka ce don ta huta. Maman Ndako ta ci gaba da gaishe ta ta kan katanga, da fara'a har kunne, amma ta daina aiko ɗanta aron ludayi.

Ta je ƙauye, aka ce yarinya ta bi mata gonar doya. Ta sake zuwa, aka ce tana barci. Cincin ɗin da ta kai mata, a hanyar dawowa ta gan shi a gindin ɗorawa, kaji ma an kore su daga wurin.

Fasto ne ya shiga tsakani daga ƙarshe. Ya ce shi bai yarda da maganar sammu ba, amma zaman lafiya ya fi komai, kuma littafi ai takarda ce. In ta yarda aka ƙona shi da kwalaben a gaban dangi, za a maido da yarinya kafin Ista. Martha ta so ta ce in ta ƙona, ai ta amsa laifi ke nan. Ta dubi tabarmar Felicia a naɗe a lungu, ta ce ta yarda.

A murhunta aka yi. Ita da kanta ta saka shi. Bangon ya daɗe yana turjiya, sannan shafukan hotuna suka kama, masu santsin nan, wutar ta tashi kore-kore da shuɗi.

"Kun ga kalar wutar?" Rifkatu ta ja da baya tana tafa hannu. "Yesu ya tona asiri!"

Ta kan katanga wata ta yi salati. Martha ta gane muryar.

* * *

Irimiya ya cika alkawari. Ranar Asabar kafin Ista ya sauke yarinyar a ƙofar gida, ya ƙi shiga. Felicia ta yi baƙi, ta yi tsawo, an yi mata aski saboda ƙwarƙwata. Martha ta rungume ta tana kuka tana dariya, tana shinshina kanta. Yarinyar ta tsaya a cikin rungumar, hannuwanta a gefe.

Tun safe Martha ta san abin da za ta dafa. Gwaten acca, wanda Felicia ta fi so a duniya, har takan kwana da kwanon a gefenta don kada a wanke sauran. Wannan ba daga littafi ba ne. A wurin uwarta ta koya, uwar kuma a wurin tata. Ta wanke accar har tsakuwa ta fita, ta yanka yakuwa da gauta, ta daka gyaɗa, ta auna komai da hannu. Ta riƙe bakinta gam, ko waƙa ba ta yi ba, don kada wani ya ga leɓenta yana motsi a kan tukunya.

Ta zuba a kwanon yarinyar mai hoton zakara, ta ajiye a tabarma da cokali.

"Feli, ga gwatenki. Ci da zafinsa."

Felicia ta wanke hannu ta zauna. Ƙamshin ya bugi hancinta, Martha ta ga maƙogwaronta ya motsa, yunwa ce ƙarara. Amma ba ta taɓa cokalin ba. Ta dubi kwanon, ta dubi murhu, ta dubi bayan tulu.

"Mene ne, uwata? Ya yi zafi ne?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da ƙaramar murya, irin ta wanda aka koya wa magana ya haddace, ta ce, "Mama, ki fara ci."

Martha ta dubi 'yarta. Ta ɗauki cokalin, ta ɗiba daga gefe, ta kai baki. Gwaten ya yi daɗi, bai taɓa yin daɗi haka ba.

Felicia ta zuba wa wuyanta ido har ta haɗiye. Ta ƙara jira kaɗan. Sannan ta juyo da kwanon a hankali, ta sa cokali daidai ramin da uwar ta bari, ta fara ci daga nan.