Muryar Yaya a Cikin Gem

Yaya ya rasu ya bar kwamfutarsa a kan teburin ɗakinsa, a cikinta kuma ya bar muryarsa. Akwai wani gem, wato wasan kwamfuta, da yake bugawa, na jarumi mai yawo gari-gari, kuma shi mutum ne mai son cusa wa gem ɗin ƙarin abubuwa, irin waɗanda 'yan wasa ke kira mod. Ɗaya daga ciki shi ya haɗa da kansa: ya naɗi maganganunsa ya ɗora wa wani maƙeri da ke bakin kasuwar gem ɗin. Da ka tsaya gabansa sai ya ɗago kai ya tsokane ka da muryar Yaya sak, har da dariyar nan tasa ta hanci.

Ƙanwarsa Auta ce ta gano haka bayan an share makoki. Tun daga nan Mama takan shigo da yamma ta zauna a bakin gado, Auta ta kai jarumin gaban maƙerin, su saurara. Abu ɗaya ke damun Mama, fuskar maƙerin. "Wannan mummunan ina ya yi kama da ɗana?" in ji ta.

Shi ya sa ranar da Mama ta fita dubiya, Auta ta sauko da wani mod daga intanet mai gyara kamannin mutanen kasuwar. Tana cikin saka shi wata tambaya ta fito a allo, ta danna amincewa ba tare da ta karanta ba. Ta buɗe gem ɗin. Maƙerin ya yi kyau, gemu a gyare. Ya ɗago kai ya yi magana, sai wata murya ta fito, mai kauri, ta wani ƙato da ba ta taɓa ji ba.

Ta ja jarumin baya ta dawo, muryar dai ita ce. Ta ɗauki waya ta kira Dogo, abokin Yaya mai gyaran kwamfuta.

"Kar ki goge komai," ya ce bayan ta gama in'ina. "Idan mod biyu suna da fayil mai suna iri ɗaya, gem ɗin ɗaya kawai yake ɗauka. Na ƙarshe ke danne na farko. Ta manhajar da yayanki yake jera mod ɗinsa a ciki kika saka, ko kai tsaye?"

"Ban sani ba, Yaya Dogo. Wani abu ya tambaye ni, na ce e."

Dogo ya ci gaba da yi mata bayani.

"Abin da ke cikin manhaja danne shi kawai aka yi, yana nan. Amma na san halin mutumina, wasu da hannu yake zuba su cikin foldar gem ɗin. Waɗannan in an hau kansu, sun tafi. Buɗe mu gani."

Ta buɗe manhajar. Sabon mod ɗin na can ƙasa, na Yaya a samansa da jar alama a gefe. Dogo ya ce ta jawo na Yaya ta kai shi ƙarshe. Yatsanta ya jiƙe da gumi, ya zame, ta sake kamawa. Tana sake kunna gem ɗin ta ji an turo ƙofar gida, ta ji takun Mama a tsakar gida, tana tambayar wa ya bar famfo yana zuba.

Allon ya daɗe baƙi. Kasuwar ta fito. Auta ta tsayar da jarumin, ta rufe ido.

"Malam, ka tsare mini haske," in ji muryar Yaya.

Ta kifa kai a tebur tana kuka ba sauti, wayar na manne a kunnenta.

Washegari Dogo ya zo ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu suna nan. Amma waɗanda Yaya ya naɗa a kwanakin jinyarsa, da 'yar waƙar da maƙerin ke yi yana dukan ƙarfe, kai tsaye ya zuba su, kuma sabon mod ɗin ya hau kansu. Dogo ya yi iya dabararsa har la'asar, bai samo su ba.

Auta ce ta faɗa wa Mama da bakinta, a tsugune. Mama ta ɗago ta dubi Dogo.

"Abin da ya rage," ta ce, "ka sa mini a wayata kafin ka tafi."