Kujerar Sha'aban a teburin karta

Duk Sandamu an san bakina ba ya riƙe magana. Amma wannan na danne ta shekara biyu cur, har ta fara yi mini nauyi a ƙirji, shi ya sa na zuba ta a takarda.

Maƙwabcina Sha'aban, dillalin awaki, babur ya kayar da shi a hanyar Zango, ya cika nan take. Matarsa Murjanatu ta shiga takaba. Ana kwana goma sha biyu na leƙa ta bayan la'asar, wai gaisuwa, alhali so nake in ji wa zai gaji keken ɗinkin da ya saya. Muna zaune sai wani abu ya yi gurnani ƙarƙashin filo. Yarinya ta yi tsuru-tsuru.

Ta ce, "Iya, shi ake kira. Kullum war haka."

Ta zaro wayar marigayin. Ga koren tebur, kujeru shida, a ɗaya ga hoton Sha'aban da hularsa ta sallah, yana murmushi.

"Karta ce, wai foka. Ba kuɗin gaske ba ne, ƙwandalolin wasa ne, amma Iya, sunanta caca. Yaya zai kwanta lafiya ana ta ajiye masa kujera? Ga shi ranar arba'in Yaya Malam zai karɓi wayar a yi rabon gado."

Yaya Malam ɗin nan shi ne Abdulbaƙi, wan mijinta, mai wa'azi a kan 'yan caca duk Juma'a.

Mai takaba ba ta fita wurin masu gyaran waya, kuma duk wanda aka nuna wa, gari ya ji. Abu ɗaya ta sani daga leƙen kafaɗar mijinta: wanda ƙwandalolinsa suka ƙare, hotonsa ɓacewa yake yi daga tebur.

Na ce, "To mu cinyar da su mana, 'yar nan. Asara ai ba ta da wuya."

Ta koya mini. Ana ba kowa kati biyu a ɓoye. Sai a shimfiɗa biyar a tsakiya, uku tukuna, sannan ɗaya, sannan ɗaya. In layi ya zo kanka, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka ajiye katinka ka haƙura. A ƙarshe wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi ya kwashe. Biyu iri ɗaya sun fi babu, uku sun fi biyu.

Muka riƙa tura komai gaba ɗaya, ko kallon katin ba ma yi. Ai fa! Sai mutanen teburin su tsorata, su ajiye nasu katin, a turo mana ƙwandalolin. Ranar da wani ya yi taurin kai ya bi mu, katin ƙarshe ya faɗo, muka cinye shi. Tulin gaban Sha'aban sai girma yake, shi kuwa yana ta murmushi.

Murjanatu ta ce, "Ba hannuna ba ne, Iya. Shi ne ba ya son tashi."

Na ce, "Da ma ko a gidan biki sai an kore shi." Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban sake zama ina ba ƙofa baya ba.

Ana gobe arba'in kwaɗayi ya kama ni. Sarki biyu a hannu, ga na uku a tsakiya. Na ce wannan kam ci zan yi, in ya so gobe ta yi kanta. Na tura duka. Wani ya buɗe biyar masu zane iri guda, ashe sun fi sarki uku, ya share mu tas. Hoton ya dushe, kujera ta zama wayam.

Na zaci za ta yi hamdala. Sai ta kifa kai a cinyata, ta yi kukan da ban ji ta yi ba ranar jana'iza.

Washegari bayan la'asar aka baje kaya a tabarma. Malam Abdulbaƙi na kai hannu, waya ta yi gurnani. Daga inda nake na hango koren teburin. Ashe wasan kan ba wanda ya tsiyace kyautar ƙwandaloli, ya sake kiransa.

Daga bayan labule Murjanatu ta ce, "Yaya Malam, a sa mini wayar a tumunina. Na bar keken."

"Keke sukutum? Kin yi tunani kuwa?"

"Muryarsa na ciki."

Ya janye hannu, ya ce Allah ya ba ta haƙuri. Ni na miƙa mata, a kife.

Da ta fita takaba za ta koma gidansu a Mashi, ta damƙa mini ita. Na sa ta cikin kwano, na rufe, na tura ƙarƙashin gado. Shekara biyu ba ta ga caji ba, amma kwanon bai daina ƙara ba. Jikokina sun ce ɓera ne. To, wane irin ɓera ne ba ya taɓa murfin kwano sai an idar da la'asar?