Aya ta 1382

Littafin ni na sayo shi. Gara in faɗi wannan tun farko.

Matata Rékia ta iso Paris a watan Oktoba na 2016, bayan shekara biyu muna jiran takardu. Ni ina aiki a depon kawuna, Alhaji Hassoumi, a Aubervilliers. Takalma da jakunkuna daga Sin: mu sauke, mu jera, mu loda. Karatuna a bak ya tsaya, jarrabawar ƙarshen sakandare. Ita kuwa shekara huɗu ta yi a jami'a a Yamai tana karatun shari'a. Tun a Damagaram Metir ake ce mata, yadda ake kiran lauyoyi, wasu da wasa, wasu da gaske. Ni da gaske nake kiranta.

A satin farko ba ta nemi rigar sanyi ba. Kod sibil ta nema, jan littafin nan mai kauri da aka tara dokokin zaman jama'a a cikinsa.

Na shiga kantin littattafai, na juya bayan littafin, na ga farashi, na ajiye. Kwana biyu bayan haka na gan shi a Porte de la Chapelle, a shimfiɗar wani mai sayarwa a bakin titi, tsakanin cajar waya da tsofaffin takalma. Ja ne, mai tsabta, ko shafi ɗaya bai yage ba. A bangon an rubuta 2013. Na ce a raina doka ai doka ce, ba madara ba ce da za ta lalace. Duk da haka na yanko takardar kwali a depo na lulluɓe bangon, kamar yadda muke yi wa littattafanmu a lakwal, makarantar boko. Na rubuta sunanta a kai da manyan baƙaƙe. Ta karɓa da hannu biyu.

Duk sanyin shekarar da littafin ta yi shi. Da ƙarfi take karatu, tana kai da kawowa tsakanin gado da taga. Har ni na haddace aya ɗaya, ta 1382: duk wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa, dole ya gyara.

"Ƙafa uku gare ta, Malam," in ji ta. "Laifi, ɓarna, da igiyar da ta haɗa su. In ɗaya ta ɓace babu shari'a."

Ran da na bar tukunya ta ƙone, haka ta tsaya a kaina ta ƙirga min su da yatsu. Na kankare tukunyar.

Da lokacin neman makaranta ya zo, wuri biyu ta aika takardunta. Ɗaya makarantar kasuwanci a nan Paris. Ɗaya kuma sashen shari'a na wata jami'a a Lyon, shekarar ƙarshe ta masta, wadda daga ita sai jarrabawar lauyoyi. Ta farkon, Alhaji ne ya sa ta.

"Ɗiyata, saurara ki ji," ya ce mata ran Lahadi muna cin shinkafa a gidansa. "Shekara ashirin da shida ina ƙasar ga. Wa zai ba baƙar mace mai kallabi shari'arsa? Yi kwamas, karatun kasuwanci. Ni zan ɗauki nauyin makarantar. Ki gama, ga ofis a depo, ki riƙe mini takardun kwastan da na 'yan Sin ɗin nan da ke juya ni kamar waina."

"To, Kawu. Za mu duba."

"Mi za a duba? Ilya, ba ka magana?"

Na ci gaba da cin shinkafata. Amma ni ma Paris nake so. Metro layi na bakwai, ta tafi da safe ta dawo da yamma, ni ina wurin aikina. Lyon kuwa awa biyu ce a jirgin ƙasa mai gudu.

Makarantar kasuwanci ta amsa cikin kwana goma. Ko tambayar abin da ta karanta ba su yi sosai ba. Lyon suka ce ta zo su gan ta ido da ido, a watan Yuni.

Na raka ta. Na zauna a benci a baranda, jakarta a cinyata, littafin a ciki. Minti ashirin ta yi. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta wuce, na bi ta har bakin kogi. Can ta tsaya ta riƙe ƙarfen gada.

"Sun canza lamba," ta ce.

"Lambar mi?"

Mutum uku ne a ɗakin, in ji ta: wata farfesa mai furfura a tsakiya, maza biyu a gefe. Suka ce mata magini ya saki bulo daga bene ya fasa motar wani, da wace aya za a kama shi? Tambayar 'yan shekarar farko. Ta ce 1382, ta karanto ta da ka, ba gargada. Ƙaramin cikinsu ya rufe baki da hannu. Farfesar ta cire tabarau.

"Ta ce, 'Madam, tun watan Oktoba wannan ayar ta koma 1240. Ina kika shiga?' Na ce kalmomin sun canza ne? Ta ce ko ɗigo. Na ce to ai na amsa. Ta ce lauyan da ya rubuta tsohuwar lamba a gaban alƙali, wanda yake karewa ne zai sha kunya."

"Shi ke nan?"

"Sai mai dariyar ya ce, 'A ƙasarku har yanzu da 1382 kuke aiki? Abin sha'awa.' Kamar ya ga tsohuwar mota tana tafiya."

Daga nan duk abin da suka tambaya, tana buɗe baki sai ta ji tsoron lamba. Ta san amsa, ta kasa faɗa.

Na ce bari in koma in same su. Ta ce in koma in ce musu mi, da wane Faransancin? Muka hau jirgi. Har Paris jakar tana cinyata, ban buɗe ta ba.

Wasiƙarsu ta zo bayan sati uku. Ba su ba ta masta ba. Sun ce in tana so ta shiga shekara ta uku ta lisans, wato digirin farko, ta sabunta iliminta. Baya da shekara biyu ke nan, cikin yaran da ta girme da shekara bakwai. Su ma, kamar makarantar kasuwanci, Juma'ar ƙarshen wata suka ba ta ta amsa.

Na yi ta faɗa, a gida, a depo, a metro. Faransawa su suka kawo mana dokar nan. Ba mu roƙe su ba. Kakanninmu na zaune da alƙalansu aka zo aka ce ga littafi, da shi za a yi. Muka karɓa. Yaranmu suka haddace shi aya aya, mutum biyar a kan kwafi ɗaya, a ɗakin da fanka ba ta juyawa. Sai rana ɗaya masu littafin su tashi su sake wa ayoyin lamba, ko sallama babu, sa'an nan su zauna su uku suna dariyar wadda ta riƙe musu kayansu da amana. Duk wanda na gaya wa sai ya girgiza kai ya ce wallahi haka suke.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba.

Alhaji kuwa daɗi ya ji, bai ma ɓoye ba.

"Alhamdu lillahi, Allah ya raba ki da wahala. Su koma da ke aji uku? Da aurenki? Gobe sai su ce ki koma rabin aji ki riƙa waƙar a, be, se." Ya yi dariya har da tari. "A kwamas lamba ba ta canzawa, ɗiyata. Biyar biyar ce, ko a Sin."

Rékia ta yi murmushi, ta kwashe kwanuka.

Ran Talata na dawo daga aiki na tarar da takardar makarantar kasuwanci a kan tebur, ta cike ta, saura sa hannu. Littafin kuma yana cikin kwalin da muke tara tsofaffin jaridu na zubarwa.

"Metir, mi ke nan?"

"Kada ka ƙara kirana haka."

Ba da tsawa ta faɗa ba. Da ta yi tsawa da ya fi mini sauƙi.

Ran Laraba da azahar na bar depo na koma kantin nan na farko. Na ɗauko sabon, na 2017. Tun kafin ta iso ƙasar yake a kan kantar, ranar da na juya shi na ajiye ma shi ne. Na buɗe. Kafin a shiga ayoyin akwai wasu shafuka masu layi biyu: tsohuwar lamba a hagu, sabuwa a dama. Na bi da yatsa. 1382, 1240. Ko ni mai bak na gane. Da wannan na kai mata, da tun daren farko ta gani.

Na biya. Daga nan na wuce ofishin Alhaji na ce masa ƙarshen wata zan bar aiki.

"Za ka ina?"

"Lyon. Daouda, ɗan Chadin nan da ya yi aiki a nan, yana Vaulx-en-Velin. Ya ce depo-depon can suna ɗaukar mutane."

"Ita ta sa ka?"

"Ba ta ma sani ba, Kawu."

"Kai dai wawa ne tun kana yaro. Ni na kawo ka ƙasar ga! Za ka bar inuwa ka bi mace zuwa aji uku?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce in fita in ja masa ƙofa.

Ran Alhamis da safe, bayan ta sha shayi, na ciro tsohon littafin daga kwalin jaridu. Na yage takardar da na lulluɓe shi da ita a gabanta. Na ajiye sabon kusa da shi.

"A bakin titi na saye shi," na ce. "Na ga shekarar. Don ita na rufe bangon."

Ta dubi 2013 ɗin, ta ɗaga kafaɗa.

"Na gani tun ran farko, yana shafin ciki. A Yamai da na 1998 muka yi karatu, mu biyar. Wannan ai sabo ne a wurina."

"Buɗe wancan. Shafukan farko."

Ta buɗe. Ta bi layin da yatsa kamar yadda na bi. Ta juya shafi, ta dawo.

"Wannan yana kanti a watan Oktoba?"

"Yana nan."

"Ka gan shi?"

"Na riƙe shi a hannuna."

"Shekara biyu, Ilya."

Tunda muka yi aure ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta tashi ta je taga, ta dawo, ta sake komawa, irin tafiyar da take yi in tana karatu.

"Wata guda kana zagin Faransawa a gidan nan. Har maƙwabta sun ji. Ni kuma ina zaune ina cewa ni ce jaka, ni ce ban iya ba."

"Su ma ai ba su da gaskiya."

"Ba su da ita! Wa ya ce suna da ita? Amma su ba mijina ba ne."

Can na gaya mata na bar aikin Alhaji, da zancen Daouda, da ɗakin da ya ce za a samu kusa da tashar bas.

"Wa ya ce maka zan tafi Lyon?"

"Ba kowa."

"Ka sake yanke mini abu ba ka tambaye ni ba. Ka ga halin?"

Wannan ban hango shi ba. Na ce in ta zaɓi kwamas zan koma in durƙusa wa Alhaji, ba komai.

Ta zauna. Ta jawo takardar makarantar kasuwanci ta karanta ta daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganinta. Sa'an nan ta kife ta, ta ɗaga yatsu uku a gabana.

"Laifi?"

"Akwai."

"Ɓarna?"

"Akwai."

"Igiya?"

Na nuna mata takardar kwalin da ke yashe a ƙasa.

"To. Sayen littafi ba gyara ba ne, Malam, somin-taɓi ne. Shekara biyun nan tare za mu yi su. Girki naka, wanki naka. Kuma duk yamma za ka riƙe littafin nan ka ja mini tsohuwar lamba in ba ka sabuwa, har sai sun zauna." Ta miƙo hannu. "Ba ni biro. Da wasiƙar Lyon."

A watan Satumba muka tare a Vaulx-en-Velin, hawa na tara. Alhaji bai ɗaga wayata ba har bayan babbar salla ta gaba.

Sati na uku da fara karatu ta dawo da la'asar, ina yanka albasa. Ta ajiye jaka ba ta cire takalmi ba.

"Ka san wa ke koya mana darasin ɓarna da diyya? Mai furfurar nan."

"Ta gane ki?"

"Ina fa. Mu ɗari huɗu ne a zauren. Yau tana cikin bayani, ta yi nisa, sai ta ce 'kamar yadda aya ta 1382 ta faɗa'. Sau biyu, Malam. A na ukun ta ce, 'Au, 1240, ku yi haƙuri, sabo ne.' Ta ci gaba abinta."

"Sai aka yi mi?"

"Ba a yi komai ba. Ba wanda ya yi dariya."

Na ajiye wuƙar. Na buɗe baki zan fara faɗa.

"A'a," ta ce. "Albasarka na jira. In ka gama ka ɗauko littafi, jiya a 1147 muka tsaya."