Tagar da Aka Huda wa Inna

Mai Walda mutum ne da in ya sa abu a ransa, sai dai ka ba shi hanya. Gidan nan da hannunsa ya gina shi, bulo bayan bulo, kullum in ya taso daga shago. Matarsa Malama tana miƙo masa kwanon siminti tana yi masa tsiya, yara suna ɗebo ruwa, rabi a bokiti rabi a jikinsu. Amma duk wannan wahala, ɗaki ɗaya ne a ransa: ɗakin Inna, mahaifiyarsa.

Inna ta tsufa a gidan haya, ɗaki mai rufin kwano, ga injin niƙa a bayan tagarta, ga maƙwabta da rediyo kamar ana gasa. In rana ta take, sai ɗakin ya koma tanda. Ya sha samunta tana fifita da guntun kwali, gumi har wuya, ya koma gida rai a ɓace. Ya yi rantsuwa sai ya raba ta da zafi da hayaniya, ya dawo da ita kusa da shi.

Ya kuwa yi aiki, ba ƙarya. Ya shimfiɗa soso mai kauri a ƙarƙashin kwano kafin ya buga silin. Bangon ma bai ƙyale shi ba: ya jera katako, ya danna soso a tsakani har da gwiwar hannu, ya rufe da allo, ya shafe, ya goge, ya yi fenti. Ƙofar kanta sai da ya bi gefenta da roba. Ranar gwaji ya shiga ya rufe, ya ce Malama ta tsaya a waje ta buga murfin tukunya iya ƙarfinta. Can ya leƙo.

"Wai ba ki fara ba ne?"

"Ban fara ba? Hannuna ya kusa cirewa!"

Mai Walda har da rawa. Daga ranar duk yaron da ya kusanci bangon nan da hannu mai maiƙo, jikinsa ya gaya masa.

Inna ta tare. Ta shiga da tsakar rana, ta ji sanyi kamar cikin randa, ta shafa bango, ta sa masa albarka har sai da ya sunkuyar da kai yana share ido. Ya ce a ransa, to, yau na haifu.

Ba a rufa mako ba ya dawo cin abincin rana, ya tarar da ita a ƙofar kicin, cikin zafin murhu, zaune a kan ƙullin kayanta.

"Yawwa, ka zo. Samo mini mota," in ji ta. "An ce ɗakina na can ba a ba kowa ba tukuna."

Ya juya ya dubi matarsa.

"Kar ka kalli yarinyar nan, ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ɗakinka ne."

"Inna, zafi ne? Ko warin fenti?"

"Ina fa zafi! Shiru ne, ɗan nan. In na tura ƙofar nan, sai in ji kamar an gama da ni an watse. Jiya na farka daga barcin rana, tsit, ko kukan kaza babu. Na ce, oho, ashe haka tafiyar take, ba ko sallama. Na ƙwala kira, ba wanda ya amsa. Da na fito na tarar ana ta dariya, wai auta ya faɗi wani abu. Na ce me ya ce? Aka ce ai ya wuce." Ta gyara ɗaurin ƙullin. "A can ina jin kowa, ko da ba nawa ba ne. Nan ga nawa, an sa bango a tsakanina da su. Gara in koma in sha zafina."

Maganar ta soke shi. Kunya ta kama shi, da tausayi, da haushin kansa. Shi da ya auna komai da tsinin ido, bai taɓa tambayarta ko hayaniyar ta dame ta ba. Ya tsaya yana kallon bangon kicin, wanda bayansa ɗakin Inna ne, daidai kan gadonta.

"Ki ba ni lokaci zuwa la'asar, Inna," ya ce, ya fita. Sai ga shi da guduma da zarto.

Malama ta dafe ƙirji. "Wannan bangon? Wanda ka hana yara ko numfashi kusa da shi?"

"Kwashe tukwanenki kawai."

Bugun farko har cikin haƙoransa ya ji shi. Na biyu ya zo da sauƙi. Fenti ya tsage, bulo ya zube, soso ya yi ta fitowa, yara suna wawaso suna ihu. Ya daidaita ramin, faɗin faranti babba, ya zagaye shi da katako, ya goge bakin sumul.

"Gobe zan yi masa murfi, Inna. In kina son barci sai ki rufe."

"In kana da ƙarfen zubarwa, yi."

Ta miƙe da ƙyar, wai za ta duba ne kawai, ta shiga ta zauna a bakin gado. Malama ta mayar da tukunya, mai ya fara ƙara, auta ya dasa rigimar wani ya ɗauke masa soso. Mai Walda yana tsaye da guduma, ya kasa kunne. Sai murya ta fito ta ramin:

"Ke, albasar nan ta fara ƙonewa!"

Malama ta ɗaga ido sama. "Ka gani ko? Ka ja mini."

"Ina jin ki sarai! Kuma wani ya shigo mini da ƙullin nan, ya kwance a hankali, akwai kofina a ciki."

Da kansa ya kai, yana dariya yana share fuska da hannun riga. Da ya koma leƙawa bayan an ci abinci, ya same ta ta miƙe a gado, ido a rufe, ana ta kwaramniyar wanke-wanke a kanta. Ya lallaɓo ya fito, ya ɗaga wa yara yatsa.

"Kai, ku yi shiru, Inna na barci."

"Wa ya ce su yi shiru?" in ji Inna ta taga. "Ku ci gaba, 'ya'yan albarka. Auta, me ka ce jiya?"