Baƙuwa Daga Hartum

Ramlatu ba ta taɓa taka Hartum ba, amma kafin zafin shekarar 1966 ya yi nisa ta san garin kamar a can aka yanke mata cibi. Sanadin haka Baraka ce, yayar mijinta Rabe, wadda ta zo aikin Hajji ta sauka a gidansu a unguwar Tandabawi ta Makka. Alhazai suka gama suka watse, Baraka ko ƙunshin kayanta ba ta ɗaure ba.

A Makka aka haifi Ramlatu. Waina take soyawa da safe a bakin wani lungu a unguwar Mansur, Rabe kuwa tela ne. Iyayen su Rabe da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka yada zango a Hartum babban birnin Sudan, aka aurar da Baraka a can, sauran suka wuce. Shekara talatin ta yi a garin, sai da mijinta ya rasu ta hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Tun a makon farko Ramlatu ta ji labarin Mugran, inda rassan kogin Nilu biyu, fari da shuɗi, suke haɗuwa, kowanne da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Ta ji na gadar Umdurman, da gidan namun daji inda Baraka ta ce dorina ta taɓa yi mata hamma, da inuwar maɗaci a bakin ruwa inda ma'aikata ke shan shayi in an tashi daga ofis. A lokacin labarin ya yi mata daɗi, har tambayoyi take yi. Zuwa wata na biyu kuwa, ba abin da za ta ajiye a gaban baƙuwar da ba shi da wa a Hartum. In ta dafa kifin Jidda, sai a ce ai ƙarfasar Nilu tana motsi ake sa ta a mai. In ta yanka tumatir, sai a tuna da na tsibirin Tuti. Ko zafi ta yi kuka da shi, sai Baraka ta ce a can da la'asar iska ke tasowa daga kogi, har sai mutum ya ja mayafi.

Duk wannan da sauƙi a kan batun ruwa. Gidan a kan tudu yake, ɗan garuwa ke hawo musu da ruwa daga bazan, wurin ɗibar ruwan unguwa, kuma sau ɗaya yake zuwa a yini. Wata rana Ramlatu ta dawo za ta jiƙa shinkafar wainar gobe, ta leƙa randa ta ga gindinta. Tsakar gida kuwa jiƙe sharkaf, Baraka na zaune a tsakiya tana fifita. Ta ce haka ake yi a Hartum, a yayyafa wa ƙasa ruwa gida ya yi sanyi.

"Yaya, nan fa ba kogi a bayan ɗaki," in ji Ramlatu.

"Ai na gani, 'yar nan. Shi ya sa nake jin tausayinku."

Ramlatu ta ɗauki bokiti ta shiga maƙwabta neman ruwa. Da ta kai wa Rabe ƙara, cewa ya yi yaya uwa ce, a yi haƙuri, mace ce mai kewa. Ta lura shi ma mai ba da haƙurin ya daina dawowa cin abincin rana, wai ɗinki ya yi yawa.

Kusa da inda take suya akwai wani dattijo, Malam Wada, mai sayar da asuwaki da turare, matarsa ta daɗe da rasuwa. Wata safiya tana zuba ƙullu a tanda tana mita ita kaɗai, sai ya ji ta ambaci Hartum. Ya ce ai shekara bakwai ya yi yana aikin jirgin fito tsakanin gari da Tuti, kuma bai ga abin yabo ba: sauro kamar su ɗauke mutum, in kogi ya cika gidajen talakawa su narke, zazzaɓi kuwa kowace damina sai ya kwantar da shi. Ramlatu ta ƙara masa waina biyu a kan wadda ya saya. Da ta koma gida ta lallaɓa Rabe ya gayyato shi cin abinci ranar Juma'a, ba ta faɗa masa dalili ba.

Bayan an sauko masallaci Wada ya zauna da Rabe a zaure, matan suna daga bayan labule. Ramlatu ce ta jefo maganar, ta ce Malam Wada ya ba Yaya labarin sauron Hartum. Ya fara kuwa yadda take so, har ya kai ga shekarar da ruwa ya ci masa tabarma da akwati. Ramlatu kuwa sai murna take a ranta. Can sai Baraka ta tambaye shi ko a wane mashigi jirginsu ke tsayawa. Ya faɗa. Ta ce to ko ya san wata Hauwa mai suyar kifi a gindin bishiya a wurin.

"Mai zuba lemun tsami da barkono?" in ji Wada, muryarsa ta canza. "Hajiya, tana raye?"

Daga nan Ramlatu ba ta sake samun wurin sa baki ba. Suka bi mashigin nan mutum mutum, wanda ya mutu su yi masa addu'a, wanda ke raye su yi dariyarsa. Suka yi gardama a kan ko wane wata kankana ke sauka daga kudu. Wada ya manta da zazzaɓi, ya ce shi kam bai sake shan ruwa mai daɗin na Nilu ba, ban da Zamzam. Rabe ya zame ya tafi shago. Sai kiran la'asar ne ya raba su.

Juma'a mai zuwa Wada ya dawo ba gayyata, da wadda ta biyo ta. Kafin azumi ya aiko abokansa biyu wurin Rabe neman auren Baraka. Ramlatu ba ta taɓa yin aikin biki da zuciya ɗaya irin wannan ba. Ita ta yi wainar, ita ta wanke kayan amarya, ita ta raka ta har ɗakin Wada a saman wani shago a Mansur, ta dawo gida ta zauna a tsakar gida ta miƙe ƙafa.

Hutun kwana goma sha biyu kacal ta samu. Baraka ta ce ɗakin sama ba wurin zaman mutum ba ne, ba fili, ba iska, gwiwarta ba ta son matakala. Aka yi daidai masu haya a gidan da ke jikin bangon su Ramlatu suka tashi zuwa Jidda, Wada ya kama wurin. Ran da suka tare, ya tsaya yana ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya ce wa Rabe ai ƙasa ce ba dutse ba, in mai gidan ya yarda a fasa 'yar ƙofa, don kada Hajiya ta riƙa zagayawa ta waje.

"Malam, in ka yarda da ƙofar nan, to ka nemi mai yi maka tuwo," Ramlatu ta ce wa Rabe bayan sun fita.

Rabe ya ce to, zai duba. Ranar Asabar magini ya zo da diga.