Kejin Baba Irimiya

Shekarata shida ina haɗa sola a Minna, kuma ban taɓa kafa farantin da ya ba ni kunya ba. Shi ya sa raina ya sosu da Baba Irimiya, wani mai lambu a Garatu, ya kira ni a waya ya ce, "Zulaiha, sola naki ya gaji. Ruwa ba ya zuwa, tumatir yana mutuwa."

Farantai huɗu na kafa masa bara, su ke jan ruwan burtsatse zuwa lambun. Na bar aikin da nake yi a Maitumbi na tafi.

Tun daga nesa na ga ɓarnar. Bara na bar farantan a kan ƙafafun ƙarfe, iska na wucewa ta ƙarƙashinsu. Yanzu an sauke su, an kwantar a kan kwanon ɗakin injin jan ruwa, an kuma yi musu keji da rodi, kamar tagar kanti. Tumatir ya yi fure, amma ganye duk ya yi yaushi.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Mai walda na kira. An sace na Ndanusa, maƙwabcina. Ni ba zan zauna a sace nawa ba."

Na kama hannunsa na ɗora a kan farantin. Ya janye da sauri.

"Ka ji ko? Haske yake ci, Baba, zafi kuwa raunana shi yake yi. Ka gasa shi a kan kwano cikin wannan bazara, ka kuma zana masa inuwar rodi. Inuwa siririya ɗaya ta isa ta rage ƙarfin farantin gaba ɗaya."

Ya juya ya kalli kejin. Tsoron ɓarawo ba ƙaramin abu ba ne ga wanda lambun nan ne abincin gidansa, kuma gaskiya ya ba ni tausayi. Amma ban sassauta ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

"Zan mayar da su sama, in sa a walde notinansu ta ƙasa, ba mai kwance su da sifana. Kejin dai yau zai tafi."

Ya miƙo hannu ya karɓi zarton ƙarfe daga jakata. Shi da kansa ya yanke rodi na farko.

Kafin la'asar farantan sun koma kan ƙafafunsu. Injin ya ɗauka, tiyo ya cika ya yi tauri, ruwa ya kama bin kwarin kunyoyi. Baba Irimiya ya bi shi a ƙafa har ƙarshen lambun, inda kunya uku suka riga suka bushe ƙayau. Ya tsuguna ya tsinko busasshen fure, ya murje shi a tafin hannu.

"Waɗannan ba rana ba ce ta kashe su, 'yata," ya ce. "Ni ne."

Sai ya tashi ya karkata ruwan zuwa masu rai.